Zaren Ƙugun Raudatu

Inna Hure ba ta yarda da sikelin asibiti ba, da zare take auna jikarta. Tun Raudatu tana goye ta ɗaura mata baƙin zare a ƙugu. Duk ranar da ya matse har ya yi shata a fata, sai ta tsinke shi ta ɗaura sabo, ta yini tana fara'a kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

Ni ce malamar ajin Raudatu a firamaren ƙauyenmu da ke ƙasar Shanono, kuma katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, don haka ba labari aka ba ni ba. Hure ta haifi tara, ta binne huɗu tun ba su iya kiran sunanta ba. Dukkansu da damina suka tafi, lokacin da rumbu ya yi ƙasa: yaro ya rame, gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura, shi ke nan. Sauran biyar da surfe da roron gyaɗa a gonakin mutane ta raine su. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda take tsoron rama ba.

Da ɗanta Basiru, uban Raudatu, ya samu buɗi a cinikin hatsi, sai ya riƙa dawowa daga Kano duk Alhamis da katan na taliya da biskit da lemon roba. Hure ta kwashe ta kai ɗakinta, ta ce na Raudatu ne. Sauran yara su ratso gonaki da ƙafa su zo makaranta, ita kuwa a babur ake kawo ta, alhali daga tsakar gidansu ana jin ƙararrawarmu. In an tashi, sa'anninta na ɗebo ruwa da yankan ciyawar awaki, ita tana kwance a gadon kaka da wayar uwarta a hannu, kwano a gefe. Ko gaɗa Hure ta hana ta, wai tsalle na zubar da jiki.

Tana shekara tara benci ya yi mata kaɗan. Sai barci a aji, har da minshari, yara na dariya ina tsawatarwa. Wuyanta ya yi baƙi ƙirin, Hure ta ɗauka dauɗa ce, ta dinga dirza shi da soso har ya ɗaye. Daga nan sai ƙishirwa. Kafin hutun ƙarfe tara ta shanye gorarta ta roƙi ta wasu, kuma sau huɗu sau biyar take neman izinin fita kewaye. Gaskiya hankalina ya tashi.

Na samu uwarta, Asiya. Ta sunkuyar da kai ta ce ita ma ta gani, amma wace ce ita da za ta ce wa surukarta rage tuwo? Na matsa mata har ta saci jiki ta kai yarinyar asibitin gari. Aka ɗebi jini a yatsa, aka ce sukarinta ya hau, a daina ba ta zaƙi, a bar ta ta yi tafiya, a kai ta Kano a sake dubawa. Da Hure ta ji sai ta yi tsaki, ta ce ciwon alhazan birni me ya haɗa shi da 'yar ƙauye, kambun baka ne kawai na masu hassada. Ta karɓo rubutu ta ba ta. Zancen Kano kuwa Basiru ya ce sai bayan girbin kaka.

Ana cikin haka zaren ya fara sako-sako. Yarinya na ci kamar gara, amma jiki na zubewa.

Hure ta shigo gidanmu da la'asar, ko tabarma ba ta jira ba ta zauna a ƙasa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Malama, yatsana biyu ke shiga tsakanin zaren da ƙugunta," in ji ta. "Haka Tasi'una da na binne ya fara."

Na yi mata bayani iya iyawata, na ce wannan ramar ba ta yunwa ba ce, zaƙin ne ke cinye ta, ƙara mata shi tamkar zuba wa wuta kananzir ne. Ta saurara tana gyaɗa kai, ta yi mini godiya, ta sa mini albarka. Haushinta nake ji, kuma tausayinta ya hana ni ɗaga murya.

Washegari Asiya ta kulle sukari da lemon a akwatinta. Da aka fita tara, na leƙa tagar bayan aji, sai ga Hure tsugune a gindin darbejiya, ta fito da gorar kunu daga ƙarƙashin mayafi, da ƙullin sukarin da ta sayo a shago. Ta juye shi duka ta girgiza.

"Sha maza, uwata, kada su gani."

Kafin in zagayo ginin Raudatu ta shanye tas. Hure ta goge mata baki da gefen zani, ta ce gobe biyu za ta kawo.