Bindigar da Baba Ya Je Zaɓa Mini

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikoki, ba na jin zan manta ranar da Baba ya tasa ni gaba zuwa shagon bindigogi a Birmingham, da abin da ya biyo baya washegari.

Lokacin ina shekara ta biyu a karatun digiri na uku a Manchester, ina zaune ni kaɗai a wani ɗan flat, sashen ƙasa na wani bene, a Hulme. Aurena ya mutu kafin in taho, saboda haka izinina ya koma hannun Baba, kuma da ƙyar da jiɓin goshi ya bar ni na zo. Shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, yau ka ji an rufe laburare, gobe an rage ma'aikata. Wata Talata na dawo daga makaranta da la'asar na tarar an ɓalle tagar kicin. An ɗauke kwamfutata da 'yan kunnen gwal na marigayiya mahaifiyata, an zazzage kayana a tsakar ɗaki. 'Yar sandan da ta zo ta yi mini kirki, ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ba ni wata lamba a takarda, ta ce in yi haƙuri, su ma hannu ya yi musu kaɗan.

Kuskuren da na yi shi ne na faɗa wa yayana. Likita ne a Birmingham, mutumin kirki, amma cikinsa ba ya riƙe magana. Ga shi a lokacin Baba yana gidansa a Edgbaston, ya zo ganin likitoci. Ba a yi awa ɗaya ba waya ta shigo, aka ce Baba na nemana ranar Juma'a.

Baba tsohon ɗan sanda ne, shekara talatin da biyar ya yi cikin kaki, kuma har ya bar duniya bai daina yi mana magana kamar muna kan fareti ba. Na same shi a falo, ya rame fiye da yadda na zata. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Miƙo hannunki, Uwata." Haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ɗora tafin hannuna a kan nasa yana aunawa, ya ba ni yatsunsa biyu ya ce in matse da iya ƙarfina. Na matse. Ya gyaɗa kai.

"Bindiga za a nema miki, libarba 'yar ƙarama," in ji shi. "Babba za ta fi ƙarfin wuyan hannunki. Ni zan zaɓa, ni zan koya miki."

Yaya ya ce, "Baba, nan fa ba haka ba ne. It's illegal, ko ni ba zan iya mallakar ƙaramar bindiga ba."

"Kai ka tsaya a kan allurarka. Bindigar farko da aka ba ni a kwalejin 'yan sanda, sunan garin nan ne a jikinta. A garin da ake ƙera abu za ka ce mini babu shi?"

Mu da muka san Baba mun san ba a gamsar da shi da baki, sai ya gani da idonsa. Washegari Yaya ya ɗauke mu a mota zuwa wani shagon kayan farauta a bayan gari. Baba ya ɗora kwat a kan babbar riga, ya gyara zaman hula. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, ina tafe a bayansa ina roƙon Allah kada mu tarar da mutane.

Mai shagon wani dattijon Bature ne mai furfura. Baba ya ƙame a gabansa, ya faɗi muƙamin da ya bar aiki da shi, ya nuna ni, ya yi bayani dalla-dalla da Turancinsa na ofis. Har yau ina gode wa mutumin nan da bai yi dariya ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce an daɗe da hana jama'a mallakar ƙananan bindigogi a ƙasar, dogayen da ke jikin bango kuma na farauta ne, sai da lasisi, kuma tsaron gida ba ya cikin dalilan da ake karɓa. Baba ya tambaye shi, to macen da ke zaune ita kaɗai me za ta yi? Ya ce ta sa makulli mai kyau, ta sa ƙararrawa, in ta ga abu ta kira 'yan sanda. Baba ya yi masa godiya, muka fito.

Muka tsaya a Sparkhill, Yaya ya saya masa kwalayen dabino na tsaraba, muka shiga wani gidan abinci, Baba yana ta juya cokali bai kai baki ba. Can ya ɗago ya ce, "Gobe zan raka ki ki haɗa kayanki. Jirgi ɗaya za mu hau mu koma gida. Ba zan bar ki hannu rabbana a ƙasar mutane ba."

Raina ya ɓaci sosai. Shekara biyu ina fama da sanyi da kaɗaici da gyaran malamai, a ce ɓarawon taga ya raba ni da karatuna? Amma ban yi musu ba. Na dube shi da kyau, na gane ba iko yake nuna mini ba, tsoro yake ji, kuma ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baba ba sai ran nan.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Manchester mu biyu. Da muka isa na sauko da akwati ina zuba kaya ina share hawaye, shi kuma ya shiga binciken gidan kamar an turo shi daga ofis. Ya jijjiga ƙofa, ya duba sakata, ya tsaya a tagar da aka ɓalle ya daɗe yana kallon waje. Sai ya kira ni.

"Waccan tsohuwar da ke zaune a taga, can tsallaken titi, wace ce?"

"Ban san ta ba, Baba."

"Waɗanda ke samanki fa?"

"Students ne, ina jin. Baba, nan kowa harkar gabansa yake yi."

Ya juyo ya dube ni tun daga sama har ƙasa. "Shekara biyu, ba ki san sunan maƙwabci ko ɗaya ba? Ashe ba bindiga ce kawai ba ki da ita ba. Ɗauko dabinon nan."

Haka muka shiga bin gidaje ƙofa-ƙofa, tsoho da babbar riga, ni a baya rungume da kwalaye. Samarin sama suka buɗe da abin jin kiɗa a kunne, suka karɓi dabino suna ta godiya. Muna saukowa Baba ya ce waɗannan ko kansu ba za su iya gadi ba. Wani kuma ta bayan sarƙar ƙofa ya amsa mana, Baba ya ce wannan ya fi ki tsoro. Sannan muka tsallaka titi.

Tsohuwar ta daɗe kafin ta iso ƙofa, da ƙarfen dogarawa take tafiya. Tana ganina ta rufe baki da hannu. Ta shigar da mu, ta dage sai mun sha shayi. Ta ce ran Talatar nan ta ga mutum biyu sun fito ta gefen gidana da jaka, ta rasa gane ko 'yan'uwana ne, ba ta san sunana ba balle lambata, kuma tun ranar abin ke cin ta. Ta ce da can sau uku a mako take zuwa wani zauren tsofaffi, da hukumar gari ta rufe shi sai taga ta zama wurin zamanta. Baba ya gyara zama ya shiga yi mata tambayoyi irin na shaida: ƙarfe nawa, wace irin riga, ta ina suka bi. Ba ta yi gargada ko sau ɗaya ba. Ya waigo ya dube ni, na ga fuskarsa ta washe a karo na farko tun zuwana.

Sai ya miƙe tsaye, ya cire kwat ɗin, ya dafa ƙirji. "Madam," ya ce, "I am going home, and I am not well. This is my daughter. I give her to you as amana." Ya juyo gare ni. "Faɗa mata abin da ake nufi."

Wannan ne karo na farko da na ji ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da lafiya. Na ce mata, a wurinmu abu ne mai daraja da mutum zai bari a hannunka in zai yi nisa, kuma Allah zai tambaye ka yadda ka riƙe shi. Ta dube shi, idanunta suka kawo ruwa. "You leave her with me, love," in ji ta. Ina kuka ina dariya, don ban taɓa zaton zan ga ranar da wata za ta kira Baba da wannan suna ya tsaya yana gyaɗa kai ba.

A tsakiyar titi ya ce, "Je ki mayar da kayanki, ki ƙarasa karatunki. Amma ki sani ita ma amana ce a hannunki. Kullum kafin ki fita ki leƙa ta, in za ki kasuwa ki tambaye ta abin da take so."

Na yi yadda ya ce. Da farko don umarninsa nake yi, daga baya ya zama in ban gan ta ba ranar ba ta cika mini.

Wata bakwai da komawarsa gida Allah Ya karɓi abinsa. Da hantsi Yaya ya kira ni, na zame na zauna a ƙasan kicin na kasa tashi. Ban kira kowa ba. Amma tsohuwar nan ta ga rana ta yi ban ɗaga labule ba, ta ɗauki ƙarfenta ta tsallako titin da ta yi shekara ba ta taka ba, ta yi ta buga ƙofa har na buɗe. Ta zauna kusa da ni ta riƙe kaina, ba ta tafi ba sai da mutanenmu suka fara isowa.

Na gama karatuna, Baba bai gani ba. Abin da ya bar mini shi ne sanin cewa gidan da ba wanda zai lura in an wayi gari ba a buɗe shi ba, ko me aka ajiye a ciki ba shi da tsaro. Shi ya sa duk unguwar da na koma, kafin in kwance kaya sai na fara ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta, in faɗi sunana, in tambayi nasu. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta.