Jakin da Ke Tari

"Wato jaki ya fi uwata daraja ke nan?"

Haka na daka wa Baba Haruna tsawa, dattijon da ke kula da gonar wakafin da muke nomawa a bayan Makka, a shekarun sittin. Lokacin ina saurayi, bakina ba linzami, ga ɗan karatun da na koya wa kaina yana hura min kai.

Dokar ita ce, ba haraji a kan filin muddin gona ce. Ɗakin dabba ya halatta, amma ɗakin mutum mamnu'i ne, wato an hana, ana gina shi rangwamen ya tashi. Inna kuwa a bukkar buhu take kwana, tari na neman kashe ta.

Baba ya bari na gama zazzaga. Ya dubi jakinmu, ya dubi Inna.

"Ya waladi, ɗana, rage murya. Ka gina wa jakin. Amma ka ɗaga rufin, ka fasa taga biyu, ka daɓe ƙasan."

"Jaki da taga?"

"Jakin nan naku tari yake yi. Da kunnena na ji."

Inna ta rufe baki da mayafi, tana dariya har ta sarƙe.

A ɗakin nan ta warke. Jakin kuwa a gindin dabino ya ci gaba da kwana, bai taɓa kai ƙara ba.

Jiya na wuce wurin, duk ya koma benaye. Wa ya taɓa yi muku alheri yana ɗaure fuska? Ku ambace shi, mu yi masa addu'a.