Motar Baba Ta Taso a Makare

Yayana, wanda muke kira Injiniya tun ranar da ya kwance rediyon gida ya kasa mayarwa, mutum ne da ba ya ƙaunar gaggawa. Shekaru ya kwashe a ɗakinsa yana haɗa wasan bidiyo na waya, inda direban bas yake kwasar fasinja yana kauce wa ramuka. Babanmu tsohon direba ne, kuma shi ne direban cikin wasan, har da hularsa da yadda yake ɗora gwiwar hannu a taga. Burin Injiniya ɗaya ne: Baba ya ga kansa a ciki, ya daina kiransa "mai danne-dannen waya".

To amma idon Baba kullum ƙara dushewa yake yi. Muka ce wa Injiniya ya saki wasan tun tsohon yana gani. Ya ce ina, hayaƙin salansar motar cikin wasan bai yi kama da na gaske ba tukuna. Wai sannu ba ta hana zuwa. Ƙarashen maganar, sai dai a daɗe ba a je ba, wannan bai shafe shi ba.

Da hayaƙin ya gamsar da shi, sai gwanin naku ya zaɓi makon da wani babban kamfani ya fito da wasan tseren motoci kyauta, yara kuma suna tsakiyar jarrabawa, iyaye sun ƙwace wayoyi. Ko da gayya aka yi sai haka. Ga wasan Injiniya da nauyin tsiya. Wayar mai shagon caji ta ɗauki zafi ta mutu, tawa kuwa cewa ta yi sai na goge hotunan 'ya'yana kafin ta karɓe shi. Masu saye? Ni, sai kawunmu da ya ɗauka taimako ake tarawa.

Injiniya ya durƙusa gaban Baba ya miƙa masa wayarsa. Baba ya kai ta har bakin hanci. Rubutun kamar sawun tururuwa, domin Injiniya ya ce manyan haruffa suna ɓata ado.

"Ina motar take?" in ji Baba.

"Ga ta nan, Baba. Ga ka nan a ciki."

Baba ya kara wayar a kunne, ya daɗe yana sauraron injin.

"Kukanta ne sak, ɗan nan," ya ce. "Da bara ka kawo, da na ga kaina."

Na zo da shirin yi wa Injiniya dariya kamar kullum, amma tausayinsa ya sa na fasa. Hayaƙin dai, wallahi, ya yi kyau.