Kunnen Hagu na Maman Sani

A Tajaye aka haifi Maman Sani, a gidan da ba a san kowa da wasa ba. Ubansa manomi ne, kakansa manomi, wansa Hashimu kuwa tun yana yaro aka ga alamar zai zama Alhaji. Shi kaɗai ya fito da wani hali da aka rasa inda ya gado shi. Wata rana aka aike shi kai fura gona, aka jira shiru, sai aka tarar da furar ta yi tsami a gindin gawo, shi kuma yana durƙushe ya tona ramukan dara a yashi, hannun dama na wasa da tsinke, hannun hagu na wasa da tsakuwa. Da aka tambaye shi wa ke ci, ya ce hagu. Aka yi masa duka daidai gwargwado, aka ba shi rubutu ya sha, aka sa shi lakwal, wato makarantar boko. A lakwal ya koyi lido da karta, ya ɗan taɓa Faransanci a gefe.

Da ya tasa sai ya gangaro Konni ya koyi gyaran injin ban-ruwa, ya kuma iya. Masu albasa daga nan har Badaguishiri sun san rumfarsa, sun san in ya kasa kunne ga inji sau ɗaya ya ji inda ciwon yake. Ya auri Hidaya, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Shekarar da albasa ta yi kyau ya tsallaka iyaka ya dawo da na'urar wasan ƙwallo ta tele, irin mai madannan hannu biyu da ake kira manet, ya ce don yara ya sayo. Yaran kuwa suna samunta sosai duk lokacin da ya tafi masallaci. Ya ɗora faifan sola a kan rufi saboda karatunsu na dare, kuma ba a taɓa jin wuta ta yanke ana tsakiyar wasa ba.

Amma abin da ya fi shiga ransa belot ne. Wasan karta ne na mutum huɗu, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa, kuma dokarsa ta farko ita ce ba ka gaya wa abokinka abin da ke hannunka. Kullum bayan la'asar fadarsu ta abokan hira takan zauna a ƙofar rumfar. Abokin Maman Sani shi ne Mas'udu tela. Abokan hamayya su ne Takama, tsohon malamin lakwal, da Isufu mai kanti. Ba a sa ko dala. Waɗanda aka cinye su ke fifita gawayi, su dafa shayi, su wanke kofuna. A kan haka Takama da Isufu suka zama gwanayen shayi a duk unguwar, har ana gayyatarsu wajen suna.

Dalili kuwa ba boyayye ba ne ga wanda ya san inda zai duba. In Maman Sani ya ja kunnensa na hagu, yana gaya wa Mas'udu ya ci gaba da abin da ya sako, akwai ƙarfi a wannan hannun. In ya shafa gemu, kada ya kuskura, babu komai. Su biyun ba su taɓa kiran wannan maguɗi ba. A ganinsu fahimtar juna ce, irin wadda ake yi wa ma'aurata fata.

Alhaji Hashimu, wanda ya cika alkawarin yarintarsa, ya ɗauki karta ƙanwar caca. Duk zuwansa Konni sai ya zaunar da ƙanensa ya yi masa nasiha kan mai iyali da furfura da ke zama yana jefa takardu masu hotuna. Maman Sani yakan sunkuyar da kai ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, Yaya," ya raka shi tasha, ya dawo a raba karta.

A wata bazara, yana sunkuye kan wani inji, sifana ta suɓuce daga hannunsa, ya kai hannu ya ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. A asibiti aka ce hawan jini ne. Ya dawo gida ɓarin damansa a shanye, bakinsa kuma da kalma ɗaya tak. Duk maganar da ya tara a duniya ta kwashe, ta bar masa "To".

Hankalinsa yana nan, bai je ko'ina ba. Yana jin duk abin da ake faɗa, yana shirya amsa tsaf a cikin kansa, ta taso har maƙogwaro, sai ta fito "To", kan nasa ma ya gyaɗa da kansa ba da izini ba. Hidaya ta tambaye shi ko kunun ya yi zafi, ya ce to. Ko a ƙara masa, ya ce to. A makonnin nan ya sha kunun da bai taɓa nema ba. Masu gaisuwa sukan zauna a gabansa suna tambayar Hidaya yadda ya kwana, kamar jaririn da aka zo barka.

Sai Alhaji ya zo da shawara, kuma da zuciya ɗaya ya kawo ta. Ya ce Hidaya ba za ta iya da yara huɗu da majinyaci ba. Zai tafi da ƙanensa Tajaye, a kwantar da shi a ɗakin zaure na gidan gado, dangi su riƙa kula da shi har abin da Allah ya yi. Hidaya ta ce likita ya ce a riƙa kawo shi ana motsa masa gaɓoɓi, wai ana samun masu farfaɗowa. Alhaji ya ce mutumin da bai san inda yake ba, motsa masa ƙafa wahalar da shi ne. Don kada a ce ya yi ƙarfa-ƙarfa, ya tambaye shi a gaban mutane ko ya yarda su tafi gida. Maman Sani ya tattara duk ƙarfinsa don ya ce a'a. Abin da aka ji shi ne "To".

Ya san ɗakin nan. A ciki baffansu ya kwanta har ya rasu, ana leƙo shi daga bakin ƙofa a yi masa sannu da irin muryar ta'aziyya. Ya san in ya shiga, ba asibiti, ba yara, ba Hidaya sai ran salla. Hidaya ma jikinta bai ba ta ba, amma ina mace za ta musa wa wan miji abin da mijin ya amsa da bakinsa? Aka yi magana da mai mota, ya ce zai zo washegari da safe.

Da la'asar 'yan fada suka zo sallama. Aka jingina Maman Sani da matashi a inuwar tsakar gida, Alhaji na gefe da carbinsa. Suka gaisa, suka yi addu'a, magana ta ƙare. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna zagin juna kullum suka rasa abin da za su ce. Takama ya sa hannu aljihu zai ciro hankici, sai kartar da ba ta rabuwa da rigarsa ta zubo a kan tabarma. Ya shiga tattarawa da sauri yana satar kallon Alhaji.

Hidaya ce, daga ƙofar madafi, ta ga idon mijinta. Tun da ya dawo daga asibiti ba ta ga ya bi wani abu da kallo haka ba. Ita da ta sha cewa kartar nan ta fi ta sanin fuskarsa, ta ce, "Malam Takama, ku raba masa."

Alhaji ya yi gyaran murya. Ta ce, "Yaya Alhaji, gobe ai naka ne. A bar musu yau."

Ta kawo kwano cike da gero, ta soka kartocinsa a ciki suna fuskantarsa, tunda hannu ɗaya ba ya riƙewa ya kuma jefa. Maman Sani ya duba. Kalmomi sun gudu, amma waɗannan suna nan yadda ya bar su, ja da baƙi, kowace da matsayinta. Ya ga hannun kirki ne ma, irin wanda yakan zo wa mutum a ranar da ba shi da bakin yin alfahari.

Aka fara a hankali, kowa na jefawa kamar mai taka ƙwai. Mas'udu ya sako wata ƙarama, don dai a ce an yi. Maman Sani ya ɗaga hannun hagu ya ja kunnensa.

Mas'udu ya tsaya da karta a sama. Da zagaye ya dawo kansa, ya sake sako irinta. Maman Sani ya zaro wadda ta fi kowace ƙarfi daga cikin gero, ya kifa ta a kan ta Isufu. Zagaye na gaba Mas'udu ya taɓa wata dabam yana kallonsa, ya ga hannun ya tafi gemu, ya mayar da ita. Suka share wasan kaf.

Takama ya ajiye sauran kartarsa, idonsa ya cika, ya ce, "Ɓarawon banza. Rabin jiki gare shi, bai daina ba."

Isufu ya ce ai su tun kafin gemun ya yi fari suka gane kunnen nan, sun yi shiru ne don shayin Mas'udu ba ya shawuwa.

Alhaji ya tambayi abin da ke faruwa. Dole Mas'udu ya yi bayani, a gaban waɗanda aka cuta da kuma wanda ya haramta wasan, cewa kunne "i" ne, gemu "a'a". Ya ce bakin ne ke ƙarya, hannun bai taɓa yi masa ƙarya ba. Alhaji ya ce bai san akwai ranar da za a kawo masa shaidar ɗan karta ba. Amma ya ajiye carbin, ya matso har gwiwarsa ta taɓa ta ƙanensa.

Ya tambaye shi ko gonarsu ta gado gabas da gari take. Baki ya ce to, hannu ya shafa gemu. Yamma take. Ya tambaye shi ko rijiyar gidansu tana ƙafewa da rani. Kunne. Sa'an nan Alhaji ya ce, "Ranar da fura ta yi tsami a gindin gawo, ni na kai ƙararka wajen Baba?"

Maman Sani ya ja kunnen har sai da ya yi ja.

Alhaji ya yi wata 'yar dariya da ba ta ƙarasa fita ba. Ya ce, "Sani, gaya mini gaskiya. Kana son in tafi da kai Tajaye?"

"To," in ji Maman Sani, ya damƙe gemunsa da dukan hannu, bai saki ba.

Da safe mai mota ya zo, ya ɗauki Alhaji shi kaɗai. Bayan kwana kaɗan motar ta dawo da buhun gero da na wake da ɗan akuya, da saƙon cewa a riƙa kai shi wajen likitan nan, kuma in an samu wani abin tambayarsa a tambayi hannun.

Haka gidan ya koma. Hidaya ta gano mijinta ba ya son kunu, bai ma taɓa so ba. Mai motsa gaɓoɓi a asibiti ya ce a ba hannun daman abin da zai riƙa dannawa, sai aka ɗora masa manet a cinya, yara suka yi ta zura masa ƙwallaye ba tausayi, suna rama na shekaru. Wata rana babban yatsan ya motsa. Kafin albasa ta sake nuna ya fara takawa da sanda, kalmomi kuma suna dawowa ɗaya-ɗaya, kamar 'yan cirani, wasu da ƙiba, wasu a rame, wasu har yau ba labari. Inji dai ba ya kwancewa kuma. Yakan zauna a rumfa ya kasa kunne, ya nuna wa masu aikinsa wurin da sanda.

In baƙi suka tambayi abin da ya tashe shi, Alhaji yakan ce addu'a, Hidaya ta ce likita, Maman Sani ya ja kunne ga kowannensu. Abin da ke ransa ya fi haka tsawo. Akwai hankicin Takama a ciki, da kwanon gero, da wan da ya ajiye carbi ya tambayi ɗan karta. Ya taɓa gwada faɗa wa 'yan fada, ya kai rabin "na gode" harshen ya sarƙe, Mas'udu ya ce ya bari, sun ji, ya jefa karta ana jiransa.

Fadar tana zama har yanzu bayan la'asar. An tattauna batun kunne da gemu, aka ga ba daidai ba ne a hana majinyaci magana. Takama na fifita gawayi, Isufu na wanke kofuna.