Mai Fitila a Kujerar Darakta

Shekara goma sha tara Mai Fitila ya yi a wani ɗan akurkin ɗaki da ke bayan kujerun 'yan kallo, yana kunna fitilun dandamali yana kashewa. Mutum ne marar surutu, gaisuwa ma a taƙaice yake yin ta. Ba wanda ya taɓa tsammanin zai koyar da wasan barkwanci, balle shi kansa.

Saura sati biyar a nuna sabon wasa, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Darakta. Ya farfaɗo, amma harshe ya ƙi tashi, hannun dama kuma ya mutu. 'Yan ƙungiyar wasan suka zauna suna kallon juna. Can sai Uwar Kaya, mai ɗinka musu tufafin wasa, ta ce, "Wa ya kai Mai Fitila ganin wasanninmu? Darakta ma yakan fita shan iska, shi kuwa ko motsi ba ya yi." Kafin Mai Fitila ya haɗa kalmomin da zai ce ba zai iya ba, har an tafa, an ba shi kujerar Darakta.

Wasan labarin wani akawu ne da ya ɓoye akuya a ofis ranar da sufeto ya zo duba aiki. Ƙofa uku ce a dandamalin, da kabad ɗaya, kuma duk abin dariyar a nan yake: wannan ya fita, wancan ya faɗo, akuya ta leƙo. Mai Fitila ya san haka sarai. Daga ɗakinsa ya sha ganin yadda jinkirin daƙiƙa guda ke kashe raha ko ya raya ta. Idonsa ya sani, bakinsa ne bai sani ba.

"Ai ka yi saurin shigowa," ya ce wa Dogo, wanda ke fitowa a akawu.

Dogo ya koma ya sake shigowa yana jan ƙafa.

"Yanzu kuma ka makara."

"To Kawu, yaushe zan shigo?"

"Tsakanin... tsakanin nan dai."

"Tsakanin ina da ina?"

Mai Fitila ya ɗaga hannu, ya bar shi a sama kamar mai laluben makunni a bango.

Da Darakta ne, da tuni ya haye dandamali ya nuna da jikinsa, kowa na riƙe ciki. Mai Fitila ma ya gwada. Ya hau, ya banko ƙofa, ya zaro ido. Wuri ya yi tsit. Uwar Kaya ta tambaye shi a hankali ko jiri yake ji.

Sai ya sayi littafi ya shiga rubuta lissafi: a ƙirga uku a buɗe ƙofa, a ƙirga biyu a waiwaya. Suka bi shi sau da ƙafa, leɓunansu na motsi suna ƙirge. Wasan ya koma kamar faretin sojoji.

Da abin ya ishe shi, ya roƙi matar Darakta ta kawo mijinta a keken marasa lafiya. Tsohon ya zuba wa dandamali ido, ya bugi hannun keken da hagunsa, ya ce, "A'a!" Aka sauya. "A'a!" Aka koma yadda ake da farko. "A'a, a'a!"

Matar ta sunkuyo ta ce, "Kada ka damu, ita kaɗai ce kalmar da ta rage masa. Ko ruwa na ba shi, sai ya ce a'a, sannan ya shanye."

Mai Fitila ya durƙusa gaban keken yana neman amsa a fuskar maigidansa. Idanun tsohon cike suke da magana, har da ƙwalla, amma ya kasa karanta ko ɗaya.

Ranar wasa da la'asar ya koma ɗakinsa, don babu wani mai iya fitila. Ta ƙaramar taga ya ga Dogo ya shigo da wuri, ya ga rahar ta faɗi ƙasa, ya ji 'yan kallo suna tari. Ba shi da abin yi sai ƙara haske. Ana cikin haka akuya ta kuɓuce, ta cafke takardun sufeto tana taunawa. Zauren ya kece da dariya, 'yan wasa kuwa suka sandare, don babu wannan a littafin.

Da aka tashi, wani dattijo ya riƙe hannunsa ya ce, "Malam, yadda ka horar da dabbar nan, sai Allah!" Ya yi godiya. A nan take ƙungiya ta ce shi zai ci gaba.

A gida matarsa ta tare shi. "Baban yara, yaya aka ƙare?"

Ya cire takalmi, ya yi shiru, sannan ya ce, "Akuya dai ta yi ƙoƙari."

Ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa. Ya tsaya yana kallonta, yana son tuna tsawon shirun da ya yi kafin ya faɗa. Washegari ya maimaita wa 'yan ƙungiya maganar, kalma bisa kalma. Dogo ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ne, Kawu." Suka ɗauko kujeru suna jiran ya gaya musu wasa na gaba.