Damin Dawar da Aka Mayar Mini Gida

Shekara goma sha biyu ke nan da aka fita da ƙanena Isyaku zuwa makwancinsa. Ni ban shiga aji ba, faɗa nake ana rubutawa, na kuma ce kada a gyara mini baki. Masu ilimi sun yabe shi lokacin da ya rasu, suka watse. Ni da na goya shi, na ga abin da ya biyo bayansa, yau nake da magana.

Isyaku shi ne shugaban gidan horon yara da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, inda alƙali yake tura yaran da suka yi laifi amma ba su isa a haɗa su da manya a gidan yari ba. Duk shekara akan zauna a sakatariya a yanka abin da gidan zai ci, abin da suke kira kasafi: na hatsi, na sabulu, na magani, na itace. A takarda yakan cika. Kafin ya iso hannun Isyaku ya rame, wani lokaci ma sai damina ta wuce bai iso ba. Yara kuwa ba sa jiran sakatariya kafin su ji yunwa.

Sai ya gina rumbu a bayan ɗakin girki, ya kuma kafa wata al'ada. Da kaka ta yi, yakan hau kekensa ya bi garuruwa, Lakwaya, Mainika, Garo, duk inda yake riƙe da ɗansu. Abin da yake nema dami ɗaya ne na dawa a kan kowane yaro. Na taɓa jin sa da wani dagaci da suka haɗu a zauren gidanmu. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗanku yana wurina, kuma ci yake yi."

Dagacin ya ce, "Malam Isyaku, ɓarawon akuyar zan ciyar?"

Ya ce, "Ai akuyar ba ta cin tuwona, ranka ya daɗe. Ɗanku ne ke ci, har da neman ƙari."

Dagacin ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Damin ya zo.

Amma akwai sharaɗi, kuma a nan ne mutane ba su gane shi ba. Ba ya karɓar aike. Sai wani babba daga garin ya rako damin da ƙafarsa, kawu ne, liman ne, mai unguwa ne. In ya iso, sai a kira yaron ya durƙusa ya gaishe shi, a ɗora masa damin a ka ya kai rumbu da kansa. Isyaku ya bi shi a baya yana cewa, "Ka gani ko? Mainika ba ta manta da kai ba." Ranar sallama kuma, wanda ya kawo damin shi ake aika wa ya zo ya tafi da yaron.

Ni na sha yi masa faɗa. Nakan ce, "Gwamnati ta kama, gwamnati ta ciyar. Kai da albashinka ka koma bara a ƙofar dagatai?" Yakan ce, "Yaya, ko sun cika mini rumbun nan har baki, sai na karɓi damin. Mutumin da ya ɗauko dawa ya zo ya kalli idon yaro, kunya ba za ta bar shi ya kore shi ba." Ni nake zuwa in tsaya a kan matan da ke sussuka da sheƙa, don ban yarda da hannun kowa a kan hatsi ba. Na ga yara da yawa sun shiga gidan nan, ban ga wanda ya fito ya tsaya a bakin titi yana waige-waige ba.

Bayan rasuwarsa aka turo masu bincike daga birni. Suka ce karɓar hatsi daga dangin mai laifi ƙofar cin hanci ce, duk abin da zai shiga tukunya sai ya fito daga kasafi. Aka ba ɗan kwangila ciyar da yaran. Shekarar farko har shinkafa aka dafa, mutane suna ta sa albarka. Daga nan aka fara riƙe wa ɗan kwangilar kuɗinsa, shi ma ya fara riƙe buhunansa. Ban zarge shi ba, ɗan kasuwa ne. Dagatai kuma suka huta. Tunda an ce kada su zo, suka daina zuwa, yaran suka zama na gwamnati, gwamnatin da ba ta da zaure balle ɗaki. Duk shekara ina ji a rediyo an ware kuɗin gyaran gidan. Duk damina kuma ruwa na zuba a kan tabarmin yaran.

Da Isyaku zai ɗaga kai yau, ban san abin da zai fara kallo ba, rumbun da ya rushe har akuyoyi na kwana a ciki, ko Habu.

Habu jikana ne, ɗan 'yata da ta rasu. Bai kai shekara sha biyar ba. Shi da wasu suka ɗauke injin ban ruwan wani maƙwabcinmu a lambu suka sayar. Ba na kare shi. Ya yi, kuma da bakina na faɗa wa alƙali ya yi. Aka tura shi gidan da Isyaku ya riƙe. Da na je duba shi na tarar wuyansa ya zama kamar kara, ƙazwa ta cinye masa tsakanin yatsu. Na tambaye shi sau nawa suke ci, ya sunkuyar da kai.

Da kakar bana ta yi, na sa aka ɗaure mini dami mafi kyau daga 'yar gonata, na ɗauki hayar amalanke, na bi shi har ƙofar gidan. Mai gadin ya taso ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Inna, wannan fa?"

Na ce, "Damin Habu ne. Kira mini shi ya ɗauka."

Ya ce, "Wallahi Inna ba a karɓa. Ba ya cikin kasafi."

Na ce, "To kasafin ne ya ramar da shi haka? Fito mini da kasafin in gan shi, ko yana da hannun tuƙa tuwo."

Ya yi 'yar dariya, sannan ya rage murya. "Inna, ni ma wata nawa ban ga albashi ba. In na buɗe miki, ni za a kora."

Na juyo da amalanken. Washegari na je wurin mai unguwarmu na roƙe shi ya je ko da hannu wofi ne, yaron ya gan shi. Ya ce, "Inna, wannan ai zamanin Malam Isyaku ne. Kuma gara ki ji daga bakina, mutanen gari sun ce in ya fito ya nemi wani wurin." A cikinsu babu wanda ya ga wuyan yaron nan. Da sun gani, da wani ya ji kunya.

Kafin damina wa'adin Habu zai cika. Ni ƙafafuna sun fara ƙin kai ni ko bakin rijiya. In na faɗi, babu mai zuwa ƙofar nan ya ce nawa ne.

Me ya rage na Isyaku? A kasuwar Gwarzo akwai magidanta masu furfura a gemu da ke sauka daga babur su durƙusa su ce, "Yayar Malam, ina wuni." Wani tela ne, wani mai sayar da taki. Kowannensu ya taɓa ɗaukar damin garinsu a ka. Su ne suka rage, kuma tsufa suke yi, ba a ƙara ko ɗaya a bayansu ba. Allah ya jiƙan Isyaku, ya sa ya huta, ya kuma rufe masa ido daga abin da nake gani.

Damin yana jingine a kusurwar ɗakina. Na hana a sussuke shi, ɓeraye sun fara yi masa ɓarna ta ƙasa. In Habu ya fito ya tarar ina numfashi, zan ɗora masa abin da ya saura a ka, in bi shi a baya yadda Isyaku yake yi. Sai dai ba zan ambaci sunan garinmu ba. Ban taɓa yi wa yaron nan ƙarya ba.