Birkin Tsere da Ƙafar Surukata

A wancan lokacin ni matashi ne mai shagon sayar da waya a Azare, kasuwa ta buɗe mini, kai kuma ya ɗau zafi. Sabon aure gare ni, amma idan zan faɗi gaskiya, rabin zuciyata na wajen wata baƙar mota ƙirar Jamus da na sayo daga Kano, irin wadda in ka taɓa totur kaɗan sai ta zabura kamar an tsikare ta. Da yamma mukan fita wani fili a bayan gari ni da abokaina, mu yi ta juya motoci har taya ta yi hayaƙi. Surukina, dattijo ne mai fataucin shanu, Bafulatanin da ya daɗe da zama ɗan gari, ya tsani wannan wasa. Kafin ya ba ni 'yarsa sai da ya aiko a gaya mini in daina, ni kuma na aika masa da rantsuwa cewa na bari. Ban bari ba, wurin yi kawai na canza.

Da birkin motar ya fara cinyewa sai na je wurin mai kawo kayan gyara daga waje. Ya ajiye mini kala biyu na fad, wato 'yan takalman nan da ke matse faifan taya, da kuma faifan kansa wanda makanikai ke ce wa dis. Kala ɗaya na hawan yau da kullum ne. Ɗayan kuwa na filin tsere ne, faifansa mai huje-huje, yana sheƙi. Bawan Allahn nan bai ɓoye mini komai ba. Ya ce na tseren ba ya kamawa sosai sai ya ɗau zafi, da sanyin safiya sai ka danna da ƙarfi kafin ya ji ka, ga ƙara kamar ana wasa wuƙa, don haka ba na shiga kasuwa da kai iyali unguwa ba ne. Na ji shi sarai. Amma idona na kan faifan nan, ina hango yadda zai riƙa leƙowa ta cikin taya abokaina suna kallo. Na ce a ɗaura mini shi.

A fili kam ya yi aiki, har aka riƙa zuwa ana durƙusawa ana leƙen tayata. Da safe kuma abin da mutumin ya faɗa ya tabbata. Sai na koyi dabara: in na fito daga gida, in riƙa taka birki ina saki a layinmu har ya ɗumama, in kuma bar tazara mai yawa tsakanina da na gabana. Ƙafata ta saba, har na daina ganin abin a matsayin aibu. Matata ta taɓa tambayata wannan ƙarar fa, na ce mata haka na masu tsada yake yi.

Wata rana da damina, bayan la'asar, Alhaji, surukin nawa, ya aiko in je. Wanda ya san yadda muke da surukai a nan ya san ba zuwan hira ba ne. Na cire takalmi tun daga bakin zaure, na durƙusa nesa da tabarmarsa, kaina a ƙasa. Ya ce an yi musu rasuwa a Jama'are, yana so ya kai matarsa Hajiya gaisuwa da sassafe, motarsa kuma tana wurin gyara, ko zan ara masa tawa. Wallahi daɗi ne ya fara kama ni. Mutumin da bai taɓa kallon motar nan sau biyu ba, yau shi ke nemanta. Na ce ni zan kai su. Ya ce a'a, ba zai hana ni buɗe shago ba, shi da yake tuƙi tun kafin a haife ni. Na san kuma har da kunya, Hajiya ba za ta sake ba in ina gaba tana baya.

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Amma in na ce birkin sai ya yi zafi yake kamawa, zai tambayi dalili, dalilin kuma shi ne filin da na rantse na bari. Ga shi ban saba haɗa jimla uku a gabansa ba. Na ce to, Allah ya kiyaye hanya, na ajiye makulli a gefen tabarma na fito. A gida na yi niyyar in sa matata ta faɗa wa mahaifiyarta, kamar yadda muke isar da duk maganar da ta yi nauyi, sai na tuna ita ma ƙarya na yi mata. Na lallashi kaina cewa dattijo ne, ba gudu zai yi ba.

Bai yi gudu ba kuwa. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, titi a jiƙe. Suna fita gari kaɗan garken shanu ya hau titi. Ya taka birki a inda duk mai hankali zai taka, irin takun da ya saba yi wa motarsa, motar ta ci gaba da tafiya. Kafin ya ƙara ƙarfi wuri ya ƙure, ga makiyayi a tsakiyar shanun, sai ya karkatar da kan motar suka gangara cikin kwalbati. Shi goshinsa ne kawai ya fashe. Hajiya kuwa ƙashin ƙugunta ya karye. An yi asibiti, an yi ɗori, amma har yau da sanda take tafiya, sallah ma a kan kujera take yi.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne bayan an sallamo ta. Alhaji ya tako da ƙafarsa har ƙofar gidana, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a waje ya ce a kira ni. Na fito na durƙusa. Ya ce, “Ka yi haƙuri, na lalata maka mota. Tsufa ne ya zo ban sani ba, ƙafata ta daina jin maganata.” Ni kuma, don rashin kunya irin tawa, na ce ba komai Alhaji, ƙaddara ce.

Daga ranar bai sake riƙe sitiyari ba. Motarsa da ta dawo daga gyara ya bayar da ita. Mutumin da ke zagaya kasuwannin shanu daga Itas zuwa Misau shi kaɗai ya koma jiran wanda zai kai shi. Ina jin labari daga matata cewa shi ke miƙa wa Hajiya sanda, yana cewa shi ya jawo mata. Ni na ɗauki kai shi masallacin Juma'a da kasuwa a wata ƙaramar mota da na saya, mutane suna ta sa mini albarka, ana cewa samun suruki irina sai an tona. Kowace albarka aka sa mini sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na rame, na zama mai saurin faɗa a gida, har matata ta tsare ni ta ce in gaya mata abin da ke cina. Da na faɗa mata ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce ba ita ce ke kwana da laifin da ba nata ba, in tashi in je wurin mahaifinta.

Na je da hantsi, na durƙusa a inda na ajiye makulli a wancan karon, na faɗi komai, har da filin da rantsuwar. Ya kalli ƙafarsa ta dama. Sannan ya ce, “Da ka faɗa mini a ranar, fushin kwana biyu zan yi da kai.” Ya miƙe ya shiga cikin gida. Ina jiyo shi daga zaure yana kiran Hajiya, yana ce mata ashe ba shi ba ne.

Sun ce sun yafe, kuma na yarda sun yafe, amma ƙafar Hajiya ba ta dawo ba. Na rubuto ne saboda 'yan uwana masu son mota. In za ku canza birki, ku sayi wanda ya dace da hanyar da kuke bi kullum da mutanen da kuke ɗauka, ku bar na tsere a filin tsere, ku kuma saurari mai kaya in ya gaya muku gaskiya. In motarku na da wani hali da ku kaɗai kuka sani, kada ku miƙa makulli sai kun faɗe shi, ko wa zai karɓa, ko me zai tonu. Na daɗe ina ce wa kaina kunyar suruki ce ta rufe mini baki. Ba ita ba ce, tsoron a gane ni ne. Duk ranar da muka je gaishe su, tun daga zaure nake jin ƙarar sandar Hajiya tana tahowa a hankali don ta amsa gaisuwata.